Mai Aron Murya a Baƙin Tafki

Matarsa Dympna ce ta aike shi. Rediyo ya ce iska za ta taso daga teku kafin gari ya waye, ita kuwa ba ta son a wayi gari kwale-kwale ya farfashe a jikin duwatsu kamar yadda ya yi bara.

"Je ka jawo shi tudu tun da sauran haske," in ji ta, tana feren dankali. "Kada ka tsaya surutu da kowa. Romon rago na kan wuta."

Ultan Lavelle ya zura takalman ruwa, ya ɗauki rigar ruwansa a bayan ƙofa, ya fita. Ya haura sittin, kuma rabin shekarun nan a kan Baƙin Tafki ya yi su, yana tuƙa baƙi masu zuwa fatsa daga birane. Ranar ita ce ta ƙarshe a watan Satumba. Da faɗuwar rana za a rufe kamun kifin salmon, sai kuma wata shekara.

Ya bi hanyar tumaki ya gangara. Hayaƙin murhu yana kwance a kan rufin gidajen ƙauyen, ya ƙi tashi sama. Daga bayan tudu ƙarnin ciyawar teku yana zuwa, gauraye da warin laka. Tafkin ya yi luf, ko ganye ba ya motsi.

A cikin kwale-kwalen ya tarar da mutum zaune, ya miƙe ƙafafu, sandar fatsa a cinya. Fergal Padden ne, ƙanin Dympna. Ƙato ne mai jan gemu, mai saurin dariya da saurin hannu. A bakin teku babu wanda ya kai shi, yakan tsaya a kan dutse ya cika buhu kafin wani ya gama ɗaura ƙugiya. Amma tafkin nan ya ƙi shi. Duk kakar bana bai fitar da salmon ko ɗaya ba, har abokansa na mashaya suka kafa kan ɗan ƙaramin kifin sardin a bango da ƙusa, suka rubuta sunansa a ƙasa.

"Mijin Yaya, ka yi latti," in ji Fergal. "Tun ɗazu nake ɗumama maka wurin zama."

"Sauka. Tudu zan kai shi."

"Jifa kaɗan kawai, a Maƙogwaro. Teku ta cika, kifi na shigowa. Da idona na ga suna tsalle daga kan gada."

"Na cire injin tun shekaranjiya."

"To hannuwanka fa, su ma ka cire? Ga filafili nan biyu. In tsufa ne ka faɗa min, in je in ce wa Yaya ta fara tauna maka abinci."

Ultan ya dubi sama. Rana ta kusa taɓa teku. Ya dubi ƙanin matarsa, ya ga dariyar a baki kawai take. Ya san gobe in Fergal ya shiga mashaya hannu rabbana, sai an fasa kujera a kan wani.

Ya kwance igiya ya shiga.

Maƙogwaro shi ne inda tafkin yake tsukewa, ya bi ta ƙarƙashin tsohuwar gadar dutse ya faɗa teku. In teku ta cika, ruwan gishiri yakan turo ciki, kifi ya biyo shi. In ta fara ja baya, ruwan yakan zuba waje da ƙarfin da babu mai filafilin da zai ja da shi. Hagu da dama kyauro ne mai tsayi, ya fi mutum. Tsofaffin ƙauyen ba sa son wurin da magariba. In an tambaye su dalili, sai su ce karnukan ruwan da ke nan ba marayu ba ne, su ja bakinsu su yi shiru.

Ultan ya tsayar da kwale-kwalen a bakin kyauro. Fergal ya miƙe ya wurga. Zaren ya yi fito a iska, ya kwanta a ruwa. Ya jawo, ya sake wurgawa. Haske yana ta raguwa.

"Ya isa haka," in ji Ultan.

"Yi min shiru, tsoho."

Sai sandar ta lanƙwashe. Kwarkwaron zaren ya ɗauki ƙara, zare yana fita kamar ana zarge shi. Can gaba wani abu fari fat ya yi tsalle ya faɗo, ruwa ya fantsama. Kifi ne, kuma babba, irin wanda mutum kan yi shekaru bai gani ba.

"Ka gan shi?" in ji Fergal. "Ka gan shi, mijin Yaya? Gobe sai sun ci kan sardin ɗin nan da ƙusarsa."

Sun daɗe suna fama. Kifin ya nutse, ya taso, ya zagaya, a ƙarshe ya gaji ya kwanta a gefe ɗaya. Fergal ya miƙa wa Ultan sandar, ya ɗauki gora mai ƙugiyar ƙarfe da ake ɗago kifi da ita, ya zura hannu cikin madaurin fatar da ke gindinta. Ya sunkuya.

Kafin ƙugiyar ta isa, wani baƙin kai ya ɓullo a gefen kifin. Karen ruwa ne, ƙarami, bai gama girma ba. Ya kafa haƙora a wuyan kifin, ya fara ja.

"Ɗan banza," in ji Fergal a hankali.

"Bar shi. Buga ruwa kawai, zai gudu."

Fergal bai buga ruwa ba. Ya kai sara. Ƙugiyar ta shiga ta bayan dabbar ta fito ta ciki. Ya ɗago ta sama tana wutsil-wutsil, ya maka ta a ƙasan kwale-kwalen. Ta yi wani kuka siriri mai shiga kunne, kamar jariri da aka taka. Ya ɗauki kulkin da ake kashe kifi da shi.

"Fergal, bari."

Ya buga. Ya sake bugawa. Jini ya fantsamo wa Ultan a fuska, da ɗumi. Kukan bai tsaya ba sai da kan ya fashe. Fergal ya cire ƙugiyar, ya kama jelar ya wurgar da gawar cikin kyauro. Ya juya neman kifinsa. Zaren yana lilo, babu komai a jiki.

Ya tsaya yana haki.

A lokacin ne Ultan ya lura da shirun. Tsuntsayen da ke kwana a kyauro sun daina kuka. Tumakin kan tudu ma sun yi tsit. Abin da ake ji kawai ɗigar jini ne daga bakin ƙugiya zuwa katako.

Sai aka yi fito daga cikin kyauro.

Dogon fito ne, mai kauri, ya fara ƙasa ya hau sama. Ultan ya ji shi har cikin haƙoransa.

"Mene ne wannan?" in ji Fergal da raɗa.

"Zauna."

Ultan ya kama filafilai ya fara ja da baya. Kyauro ya soma kwanciya, daga can ciki zuwa bakin ruwa, kamar ana jan gungume a cikinsa. Wani wari ya iso su, warin ruɓaɓɓen kifi da jiƙaƙƙen gashi. Sannan wani abu mai nauyi ya sulale cikin ruwa, ba tare da ƙara ba.

Ya ja da dukan ƙarfinsa. Gaɓa tana nesa. Teku kuma ta fara ja baya, ruwan yana jan su zuwa gada.

Filafilin dama ya tsaya cak, kamar ya shiga tsakanin duwatsu. Ya ja, ya ƙi. Ya ji ana taunarsa a ƙarƙashin ruwa, girgizar tana hawowa har kafaɗarsa. Ƙaras. Abin da ya rage a hannunsa guntun itace ne mai tsini.

Aka daki kwale-kwalen daga ƙasa.

Gaban ya ɗaga sama ya faɗo. Ultan ya kifa, bakinsa ya bugi katako, ya ji gishirin jini. Wani katako ya tsage, ruwa ya fara tsartuwa. Fergal ya miƙe tsaye, ƙafafu a ware, gorar a hannu.

"Fito in gan ka," in ji shi. "Fito."

Wani farin baya ya gifta a gefensu. Tsawonsa ya kai na kwale-kwalen. Fergal ya kai masa sara da hannu biyu, ƙugiyar ta shige har gindi.

Da ma bai same shi ba.

Abin ya nutse da ƙugiyar a jikinsa. Madaurin fatar ya shaƙe wuyan hannun Fergal, ya fizge shi. Ƙirjinsa ya daki gefen kwale-kwalen, Ultan ya ji haƙarƙari yana karyewa kamar busasshen kara. Ya yi tsalle ya rungume ƙafafunsa. Rabin Fergal yana ruwa, rabi yana ciki.

Kan Fergal ya ɗago sau ɗaya. Gemun ya jiƙe, idanu sun firfito.

"Ultan," in ji shi. Ya yi tari, ruwa ya fito ta hanci. "Miƙo hannu. Don Allah."

Tun da Ultan ya auri yayarsa, Fergal bai taɓa kiransa da sunansa ba sai ranar.

Ultan ya saki ƙafa ɗaya ya miƙa hannu. Yatsunsu suka taɓa juna. Sai wani farin abu ya taso ta bayan Fergal, ya rufe baki a kan kafaɗarsa da wuyansa. Aka ji ƙashi ya ba da ƙara. Jikin ya yi wata irin miƙa, ƙafar ta shure Ultan a ƙirji.

Ya faɗi zaune, takalmin ruwa ɗaya a rungume. Babu kowa a ciki.

Ruwan ya yi ta tafasa na ɗan lokaci. Kumfa ta taso, baƙa a cikin duhun magariba. Daga nan ya kwanta.

Ultan bai motsa ba. Ruwa ya kai masa idon sawu. Kwale-kwalen yana juyawa a hankali, yana tafiya gada. Ya yi alamar gicciye, ya buɗe baki zai yi addu'a, kalma ko ɗaya ta ƙi zuwa.

"Ultan."

Daga bayan kwale-kwalen ne. Kusa.

Tari.

"Miƙo hannu. Don Allah."

Ya jefar da takalmin, ya rarrafa baya. Duhu ya hana shi gani sosai. Akwai wani abu a ruwa, dab da katako, mai kama da kan mutum.

"Fergal? Kana da rai? Riƙe, ga ni nan."

"Ultan."

Tari.

"Miƙo hannu. Don Allah."

Ya riga ya zura hannun hagu cikin ruwa kafin abin ya faɗo masa a rai. Tarin. A wuri ɗaya yake zuwa. Muryar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Mai nutsewa ba ya maimaita magana haka.

Kan ya ɗago.

Fari ne, faffaɗa, da dogon gashin baki yana ɗigar ruwa. Idanun suna gaba, kusa da juna, irin na mutum. Suna kallonsa. Bakin a rufe yake, da jan gashi maƙale a haƙora. Maƙogwaron ne kawai yake motsi.

"Ultan," in ji maƙogwaron.

Ya fizge hannu. Bai yi sauri ba.

Bai ji zafi ba da farko. Ya ji nauyi ne, da sanyi, da ƙarar abu yana ɓarewa. Ana jan shi. Cikinsa ya hau kan katakon baya, fuskarsa ta kusa taɓa ruwa. Numfashin abin ya bugi idanunsa, da ɗumi, da warin nama.

Hannun damansa ya lalubo guntun filafilin.

Ya soka. Tsinin ya zame a kan ƙashi. Ya sake sokawa, ya ji ya shige wuri mai laushi. Ya danna da dukan nauyinsa, ya murɗa.

Fiton da abin ya yi ya toshe masa kunne. Ya faɗo baya cikin kwale-kwalen. Ya ɗaga hannun hagu ya duba. Babban yatsa da manuni ne kawai suka rage.

Ruwan ya riga ya kama kwale-kwalen. Gada ta taso masa baƙa ƙirin, ƙarar ruwa tana amsawa a ƙarƙashinta. Ya san akwai matakan ƙarfe a jikin ginshiƙin tsakiya, inda masu gyara suke sauka. In ya wuce su, sai teku.

Kwale-kwalen ya daki ginshiƙin ya dare biyu.

Ya yi tsalle. Hannun dama ya kama ƙarfe. Tsatsa ta yanke shi, bai saki ba. Ya saƙala gwiwar hannun hagu a matakin sama, ya ja jiki.

Wani abu ya kama ƙafarsa.

Yatsu ne. Ya ji su ɗaya bayan ɗaya suna zagaye ƙwaurinsa. Farata suka huda roba, suka shiga nama, suka ja ƙasa. Ya yi ihu. Ya shura da ɗaya ƙafar, ya shura, ya shura. Takalmin ya zame, ya tafi da fatar ƙwaurin.

Ya hau.

Ya faɗo kan gadar rub da ciki, kumatunsa a kan dutse mai sanyi. Iskar da rediyo ya faɗa ta fara kaɗawa. Yana jin jini yana fita daga hannunsa tare da bugun zuciya.

Can kan hanya wani haske yana gangarowa, yana rawa. Tocila ce.

"Ultan? Kai ne a nan? Romon nan har ya ƙone, kai kuma..."

Dympna ta tsaya. Hasken ya sauka a kan hannunsa. Ta durƙusa, ta cire gyalenta ta fara naɗe masa.

"Me ya same ka? Ina kwale-kwalen? Motar Fergal na gani a bakin hanya, yana ina?"

Kafin ya buɗe baki, aka amsa daga ƙarƙashin gada.

"Miƙo hannu. Don Allah."

Ta miƙe zumbur. "Fergal." Ta nufi inda matakan suke, ta ɗora ƙafa a kan katangar gadar. "Ga ni nan, ƙanina. Riƙe da kyau."

Ultan bai san inda ya samo ƙarfin ba. Ya rarrafa ya kama rigarta, ya fizgo ta ƙasa, ya danne ta da jikinsa. Ta dake shi a fuska. Ta cije shi a kafaɗa. Ta yaƙushe shi tana kiran sunan ƙaninta.

"Ba shi ba ne," yake faɗa mata a kunne. "Saurara. Saurari tarin. Ba shi ba ne."

Tocilar ta gangara ta faɗa ruwa. Suka zauna cikin duhu, yana riƙe da ita. Muryar ta sake zuwa, ta sake zuwa, ba ta canja ko kaɗan. A hankali Dympna ta daina dukansa.

Teku ta dawo da Fergal bayan 'yan kwanaki, a wani lungun yashi kudu da ƙauyen. 'Yan sanda suka ce nutsewa ya yi, sauran kuma aikin duwatsu ne da ƙaguwa. Likitan da ya ɗinke hannun Ultan ya ce farfelar inji ce ta yanke shi. Ultan bai yi musu ba. Fada, limamin cocinsu, ya hana a buɗe akwatin gawar. Mutanen ƙauyen suka zo zaman makoki, suka sha shayi da wiski, babu wanda ya tambayi abin da ya faru a Maƙogwaro. Da bazara ta zagayo, masu tuƙa baƙi suka koma kai su can arewacin tafkin, kuma in magariba ta yi ba a magana a cikin kwale-kwale.

Ultan bai ƙara shiga ruwa ba. Dympna kuwa ta ɗauki wata al'ada. Kullum rana ta kusa faɗuwa sai ta sa rigar sanyi ta nufi gada. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya haɗa ta da Fada, duk a banza.

"Na san ba shi ba ne," in ji ta. "Ba hauka nake ba. Amma duk duniya babu inda muryarsa ta rage sai can."

Sai ya riƙa bin ta. Takan tsaya a tsakiyar gadar, shi kuma a bayanta, ya damƙe ɗamarar rigarta da hannunsa mai lafiya. Wata rana a ji muryar, wata rana shiru. In duhu ya fara, sai ya ce, "Dympna, zo mu tafi gida," su juya.

Ran nan, cikin hunturu, zazzaɓi ya kwantar da shi. Barci ya ɗauke shi da la'asar. Da ya farka gidan babu kowa, taga ta yi duhu. Ya diro daga gado yana neman takalmi, sai ƙofa ta buɗe. Dympna ta shigo, fuskarta ta yi fari fat, siket ɗinta jiƙe har gwiwa. Ta mayar da ƙofa ta sa sakata. Ta daɗe tana kallonsa.

"Tun yaushe kake nan?" in ji ta.

"Ban fita ba. Yanzu na tashi."

Ta zauna a kujera.

"Ka kira ni," in ji ta. "Ka ce in zo mu tafi gida. Har na sauka matakan, ruwa ya kama ni, sannan na tuna na bar ka a kwance."

A makon nan suka rufe gidan suka koma wurin 'yarsu, can tsakiyar ƙasa, inda ko rafi babu kusa. Har yau in Ultan ya kira ta daga wani ɗaki, Dympna ba ta amsawa sai ta leƙo ta ga bakinsa yana motsi.